Agogo ne ya dame ni, ba ƙarfin ƙwayar ba

Na fi wata shida ina juya maganar nan a raina, in ɗauki waya in fara rubutawa in sake gogewa, saboda abu ne da mu maza ba ma so a ji bakinmu a kai, gara mutum yace maka yana da suga ko hawan jini sau goma da ya furta cewa gabansa ya yi rauni. Toh ni dai yau zan faɗa. Shekarata 54, ina fama da ciwon suga shekara tara kenan, kuma wajen shekara uku da suka wuce na fara lura al'amarin shimfiɗa ya canza min, ba wai lokaci ɗaya abun ya ɗauke ba, a'a, a hankali ya riƙa zuwa, yau lafiya lau, gobe a fara a kasa ƙarasawa, jibi kuma tun kafin a fara fargaba ta riga ta cika min ciki, kuma duk wanda ya taɓa shiga halin nan ya san ita fargabar ma ciwo ce mai zaman kanta da take hawa kan na farkon.

Ranar da na daure na faɗa wa likitan da yake duba min suga, tambayar farko da ta fito daga bakina ita ce wadda kowa yake yi, nace likita wanne ne ya fi ƙarfi a cikin magungunan nan? Sai ya ajiye biro yace, "Malam, ba nan tambayar take ba. Kusan dukansu hanya ɗaya suke bi. Faɗa min yadda kuke rayuwa kai da iyalinka, sai mu san wanda za mu fara da shi." A lokacin gaskiya ban gane ba, na ɗauka kwana-kwana yake min. Sai da na shekara biyu ina gwada wannan ina barin wancan sannan maganarsa ta zauna min.

Ƙwayoyin da aka fi sani guda huɗu ne. Akwai sildenafil, wanda duniya ta sani da Viagra, na kamfanin Pfizer, shine babban yaya, a 1998 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi, kuma asalinsa ma don ciwon ƙirji na zuciya aka fara gwada shi a Ingila, sai mazan da ake gwajin a kansu suka riƙa ba da labarin wani aikin daban da yake yi musu. A 2003 sai ga vardenafil, wato Levitra, da tadalafil, wato Cialis. Autansu shine avanafil, ana sayar da shi da sunan Stendra ko Spedra, ya zo a 2012. Yadda likita ya min bayani shine, idan sha'awa ta motsa jiki yakan saki wani sinadari da zai sa jijiyoyin jinin da ke gaba su saki jiki su buɗe, jini ya cika wajen, to akwai wani enzayim da ake kira PDE5 wanda aikinsa shine ya rushe wannan saƙon don abu ya koma ya kwanta. Duk ƙwayoyin nan huɗu shi suke taka wa birki. Shi yasa ba sa kawo sha'awa, ba kuma sa tada mutum yana zaune haka kawai, dole sai sha'awar ta zo da kanta sannan su taimaka mata. Wannan kaɗai da mutane za su sani da an rage yawan masu cewa "na sha bai min komai ba".

Da sildenafil aka fara min, miligiram 50. Karo biyun farko wallahi babu abin da na gani, raina ya ɓaci sosai har nace shi kenan tawa ta ƙare, wadda ake ta zuzutawa ma ta gaza a kaina. Da na koma sai likita ya tambaye ni yaushe nake sha, nace bayan cin abincin dare, yace ai nan matsalar take, abinci mai nauyi musamman mai maiƙo yana jinkirta shigarsa jini har wajen awa guda kuma yana rage masa kaifi, a sha shi ciki ba nauyi, a ba shi kamar awa ɗaya, kuma kada a yanke masa hukunci sai an gwada sau shida zuwa takwas yadda ya kamata. Ya kuma gaya min gaskiya cewa mu masu suga ba ma amsa maganin kamar waɗanda ba su da shi, saboda suga yana taɓa jijiyoyin jini da na saƙo duka biyun. Aka ƙara min zuwa 100. Ya yi aiki, aiki mai kyau ma, ba zan ci amanarsa ba. Na sha ciwon kai kaɗan, fuska ta riƙa min zafi, hanci ya toshe kamar mai mura, sau ɗaya kuma na kalli fitilar ɗaki na ga kamar an shafa mata shuɗi-shuɗi, na tsorata amma aka ce min sananne ne, maganin yana ɗan taɓa wani enzayim ɗan'uwan wancan da yake cikin ido, kuma yana wucewa da kansa.

Duk waɗannan zan iya jurewa. Abin da na kasa jurewa shine lissafi. Sildenafil awa huɗu zuwa biyar yake yi yana aiki sosai, to sai rayuwata ta koma ta kallon agogo, in rage cin abinci, in faki ido in haɗiye ƙwaya, in zauna ina ƙirga minti, in yaro ya farka da kuka ko baƙo ya daɗe ko ita ta gaji ta yi barci sai in ji kamar na yi asara, har in riƙa jin haushinta a kan laifin da ba ta ma san ta yi ba, don a lokacin ban gaya mata ina shan komai ba. Wannan ɓoyewar kuskure ne babba kuma nawa ne. Ita ce ta gano da kanta, ta ga fakitin, ba ta yi faɗa ba, sai da muka kwanta tace min, "Baban yara, ni ba shan maganin bane ya dame ni, lafiya ake nema. Abin da yake damuna shine in na ga ka fara duba waya kana kallon lokaci sai in ji kamar aiki aka ba ni da wa'adi." Na daɗe ban ji magana ta shige ni kamar wannan ba. Ni ina can ina auna ƙarfi da daɗewa, ita kuma abin da ta rasa shine mu zauna muna hira abu ya zo da kansa ko kuma kada ya zo, babu wanda zai ji an ci bashinsa.

Da na kai wa likita wannan maganar yace toh yanzu ka amsa tambayar da na maka tun farko. Ya mayar da ni kan tadalafil. Shi bambancinsa a daɗewa yake, jiki yana ɗaukar wajen awa 17 da rabi kafin ya rage rabinsa, sildenafil kuwa kamar awa huɗu, shi yasa ake cewa yana kai awa 36 yana taimakawa, kuma bai damu da ka ci abinci ko ba ka ci ba. A nan ma akwai rashin fahimta da nake yawan ji, wasu suna ɗauka wai mutum zai kwana biyu a miƙe, ba haka bane ko kaɗan, ma'anarsa a cikin wannan tsawon lokacin duk sanda sha'awa ta zo jiki zai amsa, in an gama ya koma yadda yake. Na fara da 10 aka kai ni 20. Ta fannin kwanciyar hankali kam sai godiya, agogo ya fita daga ɗakinmu. Amma shi ma ya zo da nasa, washegarin ranar da na sha sai ƙugu da cinyoyi su riƙe min, wani irin ciwo mai nauyi da ya fi damuna in ina kwance, ya kwana ɗaya ko biyu ya tafi, ga ƙwannafi. Na yi wata uku a haka ina auna wanne ya fi sauƙi tsakanin ciwon baya da kallon agogo.

Mafitar da muka samu ita ce ƙaramin na kullum, miligiram 5 duk safiya, ko za a yi wani abu ko ba za a yi ba, in haɗa shi da maganin suga in haɗiye in manta. Ciwon bayan ya yi kamar sati biyu sama-sama ya ɗauke. Wani abun da ban zata ba, tashin fitsarin dare da nake yi sau uku ya ragu, ashe shi wannan adadin an amince da shi tun 2011 don matsalar fitsari ta kumburin furostet (wani ɗan ƙullutun nama da yake ƙarƙashin mafitsarar namiji) da take kama maza in shekaru sun ja. Yanzu wata goma sha huɗu kenan ina kai.

To da na tsaya a nan sai ku ce tallar tadalafil nazo yi, kuma ba haka bane, dalilin rubutun ma kusan akasin haka ne.

Gaskiya ne an yi bincike da dama inda ake ba mutum wannan na wasu makonni, a ba shi wancan na wasu makonni, sannan a tambaye shi wanne zai ci gaba da shi, kuma mafi yawa tadalafil suke ɗauka. A wani da aka buga a 2005 a kan mazan da ba su taɓa shan ko ɗaya ba, kashi 71 cikin ɗari tadalafil suka zaɓa, 29 suka zaɓi sildenafil, kuma dalilin da aka fi bayarwa shine irin nawa, rashin matsin lokaci. Amma abu biyu nake so a riƙe. Na ɗaya, da yawa daga irin binciken nan kamfanin da yake yin maganin ne yake ɗaukar nauyinsu, kuma abu ne mai wuya a ɓoye wa mutum wanne yake sha tunda umarnin shan su ma daban ne, wanda aka ce masa "wannan kwana ɗaya da rabi yake yi" ai an riga an kwaɗaita masa. Na biyu kuma wanda ya fi muhimmanci a wajena, mutum uku cikin goma ba ƙananan mutane bane. Su ma sun gwada duka biyun da jikinsu, suka ce a'a, na farkon ya fi musu. Ba wai ba su waye bane.

Ina da amini da muka taso tare, shi ne mutum na farko bayan matata da na buɗe wa cikina, sai ya yi shiru can yace min, "Mutumina, ai na riga ka da shekara biyu." Shi ya bi hanyar da na bi amma a juye. Ya gwada tadalafil ya bari, ya koma sildenafil, kuma da ya jero min dalilansa ban ga inda zan kushe ba. Yace shi a jikinsa sildenafil ya fi ba shi tauri, wannan kuwa abu ne da mutum shi kaɗai ya san abin da yake ji, ba mai yi masa gardama. Yace shi da iyalinsa ba kullum bane, wani lokacin sau uku ko huɗu a wata, toh don me zai riƙa shan ƙwaya kwana talatin saboda kwana huɗu, ga shi dama yana shan na hawan jini kala biyu, ba ya son ƙari. Sannan yace shi mutum ne da ba ya son magani ya kwana biyu yana yawo a jininsa, in ciwon kai zai zo ya zo na awa kaɗan ya wuce, ba wai ya tashi da shi ya je aiki da shi ba. Shi tsarin ma daɗi yake masa, yace in ya sha sai ya ji ya shirya, hankalinsa ya tattaru waje ɗaya, abin da ni yake ɗaure ni shi kuma shi yake sake shi. Matarsa ta sani tun rana ta farko, tare suke tsara abinsu, kun ga ashe rabin matsalar agogon da na sha ɓoye-ɓoyena ne ya haife ta.

Vardenafil da avanafil ban taɓa sha ba don haka ba zan ja magana a kansu ba. Vardenafil kusan tafiyarsu ɗaya da sildenafil wajen lokaci, akwai samfurinsa da ake ɗorawa a harshe ya narke ba sai da ruwa ba, wasu don wannan kawai suke son sa, amma masu wata matsala ta bugun zuciya ana musu taka-tsantsan da shi. Avanafil kuma sauri ne abin tinƙahonsa, ana iya shan sa kamar minti 15 kafin lokaci, ga wanda jira ne kawai damuwarsa amma ba ya son mai daɗewa a jiki.

Akwai kuma inda zaɓi yake ƙarewa, inda ba ruwan jiki da abin da ranka ya fi so, kuma nan ne nake roƙon duk mai karantawa ya nutsu. Duk wanda yake shan maganin ciwon ƙirji na zuciya irin na naitiret, kamar nitroglycerin da ake sawa ƙarƙashin harshe ko isosorbide, haramiyarsa ne ya haɗa da ko ɗaya daga cikin huɗun nan, domin su biyun in suka haɗu jini yana iya faɗuwa warwas har a rasa rai. Kuma a nan daɗewar tadalafil da nake yabo ita ce take zama abin lura, wanda ya sha sildenafil sai an jira awa 24 kafin a ba shi naitiret, wanda ya sha tadalafil kuwa awa 48. Shi yasa ni da nake shan na kullum na rubuta sunansa a takardar magungunana da take cikin walat, kuma matata ta san in wani abu ya same ni aka kai ni asibiti abu na farko da za ta faɗa kenan, kunya ba ta da wuri a wannan lokacin. Masu shan wasu magungunan furostet ko na hawan jini su ma sai an daidaita musu don kada jiri ya kwashe su in sun miƙe tsaye. In kuma gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa huɗu, ko gani ko ji ya ɗauke farat ɗaya, asibiti ake nufa a take, ba a jira gari ya waye. Ba a kuma haɗa biyu a rana ɗaya wai don a ƙara ƙarfi.

Wani abun da likitan ya yi da har yanzu nake gode masa, kafin ya rubuta min komai sai da ya sa aka auna min zuciya da kitsen jini da sinadarin maza. Yace jijiyoyin jinin gaba sun fi na zuciya sirantaka, don haka in toshewa ta fara su suke fara kuka, wani lokacin da shekaru kafin zuciya ta nuna alama. Ashe kitsen jinina ya hau ban sani ba. Da a ce na bi ta bayan fage na sayi ƙwaya na haɗiya da ban taɓa sani ba sai ranar da abu ya faru. Ga kuma jabu da suka cika intanet, da waɗanda ake cewa wai zallar ganye ne ko sassaƙe alhali an sha kama su an tarar da sildenafil ko tadalafil a ciki ba a rubuta ba, ba ka san adadin da ka sha ba, mai ciwon zuciya ya sha yana ganin ai na ganye ne ba komai. Wannan abun yana min ciwo sosai, don kunya ce kawai take tura mutane can.

Kuma ba ni kaɗai bane, ba kai kaɗai bane. Wani babban bincike da aka yi a jihar Masacusets ta Amurka aka buga a 1994 ya nuna kashi 52 cikin ɗari na maza masu shekara 40 zuwa 70 suna da wani mataki na wannan matsalar, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Abin da ya fi ba ni tausayi su ne waɗanda suka daure suka je asibiti sau ɗaya, aka rubuta musu ƙwaya ɗaya ba tare da an tambaye su komai ba, suka sha sau biyu bayan sun cika ciki, bai yi ba ko ya sa musu ciwon kai, suka jefa sauran a durowa suka rufe babin, ba su koma ba, likitan ma bai sake tambaya ba. Da yawa haka suke barin maganin shiru. Alhali wanda wannan bai karɓe shi ba wancan yana iya karɓarsa, in ƙwayoyin duka sun gaza ma akwai allurar alprostadil da mutum yake yi wa kansa a wajen, akwai famfon da yake janyo jini, akwai tiyatar dasa na'ura, kuma akwai mazan da da kansu suka fi son ɗaya daga waɗannan saboda ba ya sa musu ciwon kai ko don ciwon zuciyar da suke da shi ya hana su shan ƙwaya.

In da zan koma ranar farko, abin da zan shiga da shi ofishin likita daban ne. Zan faɗa masa sau nawa muke kusantar juna a wata ba tare da ƙari ba, zan faɗa masa ni mai cin abincin dare ne da nauyi, zan faɗa masa ina da ciwon baya dama can, zan zazzage masa duk magungunan da nake sha a kan tebur, sannan zan tambayi matata tun kafin in fita daga gida me ita take so, tunda rabin abun nata ne.

Watan jiya da lokacin komawata ya yi tace za ta bi ni, na ɗan yi jim sannan nace toh mu je. Muna zaune likita yana duba sakamakon suga, ya ɗago yace, "Hajiya, ke fa, yaya kika ga tafiyar maganin?" Ta sunkuyar da kai tace lafiya lau likita, sai dai tana so ta sani ko shan sa kullum shekara da shekaru ba zai taɓa masa ƙoda ba tunda ga suga. Tambayar da ni ban taɓa yi ba kenan. Ya juyo da takardar gwajin ƙodar ya nuna mata lambar, yace a yanzu tana da kyau, duk wata shida za a riƙa dubawa, in ta fara sauka za a rage ko a koma na lokaci-lokaci. Ta karɓi biro a hannunsa ta rubuta ranar gwaji na gaba a bayan katina.